Goggon Batir Ta Tafi, Auta Ya Kammala Aikinta

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Masu Binciken Batir ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Shehiyar Malama, shugabar ɗakin gwaji, wadda babba da yaro ke kira Goggon Batir, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiya ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan tambaya ɗaya: me ya sa sinadarin da ke cikin batirin lithiyam yake kumbura ya tsage idan caji ya yi yawa a kansa? Maimakon a haɗa kowane sinadari a zauna jiran ƙarshensa, sai ta koya wa kwamfuta kwaikwayon shige da ficen lithiyam a tsakanin ƙwayoyin zarra, domin ta hango wanda zai jure. Manhajojin da ta ƙirƙira domin wannan aikin 'ya'yanta take kiransu, na ƙarshen kuwa Auta, kuma duk ɗalibin da ya kawo ƙarar Auta ya yi kuskure, sai ta zare tabarau ta tambaye shi me ya ciyar mata da yaro.

Ba ta taɓa yarda a zubar da gwajin da ya lalace ba. Batirin da ya kumbura, wanda ya ƙone, wanda ya mutu tun cajin farko, duk sakamakonsu take ɗura wa Auta, tana cewa na'urar da aka nuna wa nasara zalla ƙarya za ta ƙware a kai. Manyan da suka riƙa kiranta mai tsintar bola, mun gan su a sahun gaba wajen gaisuwa, mun kuma gode.

Ƙungiya ba za ta ɓoye takaicinta ba cewa tun ba a share makoki ba ofishin kwamfuta na wurin aikinta ya aiko a rufe shafinta na aiki a kwamfuta, wai ƙa'ida ce ga duk ma'aikacin da ya rasu, alhali Auta yana tsakiyar lissafin da ta ɗora masa daga gadon asibiti, wanda rufewar za ta shafe. Maigidanta, Baba Tela, ya ɗauko kujerar roba ya dasa a ƙofar ɗakin injunan kwamfuta inda Auta ke aiki, can ya ci gaba da karɓar gaisuwa cikin ƙugin fankoki, ya ce shi ba zai tashi a kori maraya yana aikin uwarsa ba.

Muna farin cikin sanar da jama'a cewa jiya da hantsi Auta ya kammala. Sinadarin da ya nuna cewa zai jure, daga cikin bolar nan ya fito, ɗalibanta kuma har sun fara haɗa shi.

Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba Baba Tela da 'ya'ya da jikoki juriyar wannan babban rashi. Ofishin kwamfuta yana iya zuwa ya rufe shafin yanzu. Baba ya ɗauke kujerarsa, mu kuma mun ɗauke Auta daga shafin.

Sa hannu:
Sakatariyar Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Masu Binciken Batir