Sunan Yaya Auwalu Ya Goge

Daren Laraba, Gyaɗi-Gyaɗi

Yau mai gyara a kasuwar Tarauni ya tayar mini da tsohon gem ɗinmu na tseren mota. "Malam Habu, lallaɓa shi, ya tsufa," in ji shi.

Ina jona shi da talabijin, sai ga sunan marigayi Yaya Auwalu, shi ne zakara. Tun muna yara ban taɓa kamo makinsa ba. Wasa ya yi daɗi, na shagala har na wuce shi. Ashe suna ɗaya gem ɗin yake riƙewa, nan take nasa ya goge.

Har yanzu yana jira in rubuta nawa, na kasa. Allah ya jiƙanka, Yaya. Yau da na cinye ka, ba ka nan balle ka ce a sake.