Sodiyam, Kulorin da Kunnen Yaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Na san tun da zazzaɓin nan ya tafi da jinka ba ka ɗaga waya, shi ya sa na koma takarda da biro.

Yaya, kada ka yi dariya: na shiga ajin yamma na manya. Shekara da shekaru ina tura keken marasa lafiya, ina canza zanin gado a asibiti, yanzu ina so in rubuta jarrabawar shiga makarantar nas. Tun rasuwar baban yara abin ke raina. Komai yana shiga kaina ban da kemistiri, darasin da ka ƙare ƙuruciyarka kana koyarwa. Malaminmu ya ce sodiyam yana ba kulorin ilektiron ɗaya, su zama gishiri. Na yarda. Amma wai mai bayarwar ke samun alamar tarawa, mai karɓa ya sami ta ɗebewa. Ina aka taɓa haka? In na faɗi bana, shekaruna sun wuce a ɗauke ni baɗi.

Taka ƙanwa,
Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Muna lafiya. Na ajiye alli, kin sani, littattafan ma suna cikin kwali. Ki nemi wani.

Amma tunda kin riga kin tambaya. Furoton tarawa yake ɗauke da ita, ilektiron kuma ɗebewa. Sodiyam yana da goma sha ɗaya na kowanne, sun yi kunnen doki. Da ya ba da ilektiron ɗaya, sai furoton suka yi rinjaye da ɗaya, ya zama Na⁺. Kulorin da ya karɓa, ɗebewarsa ta ƙaru, ya zama Cl⁻. Irinsu ake kira ayon, kuma jan da ke tsakanin tarawa da ɗebewa shi ke riƙe su wuri ɗaya. Gobe ki karanta jikin ledar ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya.

Ki gaida yara.
Yayanki

*

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na duba ledar! Ga su nan ɓaro-ɓaro, Na⁺ da Cl⁻. Na tsaya ina murmushi har wata tsohuwa da ke kwance ta ce, “’Yar nan, ruwan nawa ne ya ba ki dariya?”

Na karanta wa matan ajinmu wasiƙarka. Wata tela ta ce, “Wannan malamin a ina yake ɓoye?” Duk sun kwafa. Ga tambayoyinsu nan na haɗo maka. Ga kuma tawa: an ce mu daidaita H₂ + O₂ → H₂O. Na ga oksijin biyu a hagu, ɗaya a dama, sai na mai da na daman H₂O₂. Malam ya ja mini jan biro. Laifin me na yi?

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Laifinki babba ne: kin mai da ruwan sha ya koma maganin nan mai kumfa da kuke wanke ciwo da shi. Allah Ya sa ba ki ba kowa ya sha ba. Ƙaramar lambar ƙasa ba a taɓa ta, ita ke faɗin ko mene ne abin. A gaba ake sa babbar lamba: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Ƙirga kowane gefe ki gani.

Sai dai ban ji daɗin yaɗa ni da kika yi ba. Ba ki san yadda na bar aji ba. Wata yarinya ce ta ɗaga hannu, na ga bakinta yana motsi, na amsa abin da nake zaton ta tambaya. Na yi ta zuba bayani, na cika allo. Da na juyo sai na ga suna ta sunne kai suna dariya. Ashe izinin fita ta nema. Ban ga laifinsu ba, yara ne. Amma na kakkaɓe hannuna na fita, ban sake komawa ba.

Amsoshin matan suna bayan takardar. Ki ce wa telar nan tana da kai.

Yayanki

*

Auta, ƙanwata,

Ya aiki, ya yara? Yayanki bai san na sa wannan a ambulan ɗin wasiƙarsa ba. Kada ki kula da faɗansa. Mutumin da ke wuni yana kallon bango, jiya ya zazzage kwalin nan a tsakar ɗaki, ya hana ni shara. Da safe ya ja ni kicin ya nuna mini gwangwanin gishiri yana ta bayani, har da ɗaga murya, ni ko ko ɗaya ban gane ba. Na shiga ɗaki na yi kukana. Don Allah ki ci gaba da aiko tambayoyin, ko kin san amsar.

Antinki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ka yafe mini. Ban san abin da ya faru ba sai yanzu, na daɗe riƙe da takardar a hannuna.

Ba zan ɓoye maka ba, an yi wa malaminmu canjin wurin aiki, jarrabawa kuma ta matso. Na gaya wa matan lalurarka, ban gaya musu sauran ba. Telar ta ce, “To mu da bakinsa muke da buƙata, ina ruwanmu da kunnensa? Mai tambaya ta rubuta.” Ajin ƙarami ne, fanka ɗaya, allon ya tsage ta gefe. Duk iyaye ne, sun gaji da aiki kafin su zo, babu mai ƙarfin dariya. Roƙonmu shi ne ka zo ka koyar da mu. In ka ce a’a, wallahi ba zan ji haushi ba, wasiƙunka ma sun isa alheri.

Taka har kullum,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Zan shigo motar safe ranar Asabar, tare da Antinki. Kowacce ta zo da takarda. Ke kuma ki zauna a gaba, inda zan riƙa ganin fuskarki.

Yayanki