Minti Goma a Birmingham

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ramar da kuka gani a hoto ta karatu ce.

Malamina a Manchester ya ce bincikena ba zai karɓu ba sai na samo shaidar yadda aka fara tsara wani tsohon yaren kwamfuta, irin wanda ake gyarawa yana cikin aiki. Na je Birmingham wurin dattijon da ya tsara shi. Minti goma ya ba ni, na cinye bakwai a gaisuwa, har na tambayi iyali. Ashe matarsa ta rasu, ba mai leƙo shi. Sai ya tashi ya ɗauko mini duk takardunsa.

Zan gama digirin nan, in sha Allah. Ku sa ni a addu'a. Asabar zan koma wurinsa, gaisuwa kawai.

'Yarka,
Zinatu