Saurin Hannuna Ya Zame Mini Asara

Anti Rakiya, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle.

Ni mai wanki da guga ce a wani otal a Trikania, shekarata tara a wurin. Da can albashin wata muke karɓa, naira ɗari da ashirin da biyar. Bara da baƙi suka ragu, sai manaja ya mayar da mu kuɗin awa, sule shida kowace awa. Bana ya zaftare sule ɗaya, alhali mudun masara sai hawa yake yi. Kuma doka ce, kina gama kasonki ki kama hanyar gida.

To ga inda gizo ke saƙar. Mu biyu ne, ni da Grace, ana raba mana zannuwan gado daidai wa daida. Ni Allah ya yi ni da zafin nama, haka uwata ta raine ni. Kafin sha biyu na wanke na yau, na goge na jiya. Grace kuwa, wayyo! Sai ta jiƙa zani ɗaya, ta zauna ta ba da labarin ƙauyensu kaf, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa, har ƙarfe huɗu. Ita awa takwas, ni awa huɗu. Aiki ɗaya, amma ta ninka ni kuɗi. Manaja har yabona yake a gaban mutane, wai ni ce injin otal. Yabo zan dafa wa yara?

Maigidana Filibus wata bakwai ke nan da sallamarsa daga masaƙa. Ya ce idan Kirsimeti ta zo babu canji, ƙauye za mu koma, 'yarmu Eunice ta bar makaranta. Anti, aji uku take a sakandare, ita ke zuwa ta ɗaya, nas take so ta zama. In na tuna sai hawaye.

Makon jiya na gwada irin na Grace, na yi ta jan jiki har ƙarfe uku. Allah ya sani, ran Lahadi na kasa ɗaga kai a coci, ji nake kamar na zura hannu a aljihun mutum. In ci gaba da ha'inci, ko in riƙe gaskiya 'yata ta koma gona? Ko in kai ƙarar Grace? Ita kuma mijinta ya mutu, ga yara huɗu.

Taki cikin damuwa,
Mai Wanki, Unguwar Boro

Amsa:

'Yar'uwa, share hawayenki. Ba ke kika karkace ba, tsarin ne: manajanku zama yake saya, ba aiki ba. Amma shi ma a yi masa adalci, otal ba baƙi, neman hanyar da ba zai rufe ƙofa ba yake yi.

Jan jikin nan ki daina. Wanda ya san saurinki shekara tara ba zai ruɗu ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da ya gane, ke zai kora, ba Grace ba. Kada kuma ki kai ƙararta. Ba za a ƙara miki ko kwabo ba don an rage mata. Ki sami manaja shi kaɗai, ki roƙe shi ya biya ki kan kowane zani, ko ya ƙara miki sharar ɗakuna har awanninki su cika. Maganar kanki kawai za ki yi.

Ko ya ƙi, kina da abin da Grace ba ta da shi, wato rabin yini tun daga sha biyu. Makera da Tudun Wada cike suke da gwauraye ma'aikata masu tarin kayan datti. Filibus ya bi ɗakuna ya karɓo, ki wanke, ya goge. Dutsen guga bai san namiji ko mace ba. A can kowace riga da kuɗinta, saurinki kuma naki ne.

Ki lallaɓa maigida, shi ma zaman ne ke cin ransa. Ku fara Asabar ɗin nan, kada ku jira Kirsimeti. Ƙauye yana nan ba ya gudu, amma yarinyar da aka cire daga aji uku da wuya ta koma. Allah ya dafa muku, ya sa albarka a hannuwanki.

Anti Rakiya