Nauyin Direba

Aikin farko yau: kai tayoyin Auta gareji, tare da jakar notinansu.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan, Ya yi wa yara albarka. Mu nan lafiya lau. Inna tana cin abinci, ko da yake kaɗan ne, kuma ta koma shan maganinta ba sai an bi ta ba. Matar Auta ta koma aiki. 'Yarsa ta daina tambayar ina babanta, ban san ko hakan ya fi ba. Ni ma ina zuwa ofis ina dawowa. Mutane suna ce mini ya haƙuri, in ce da godiya, in wuce.

Saƙonki kan motar Auta ya iso. Kin ce a sayar da ita don kada Inna ta riƙa tashi da ita kullum a tsakar gida, kuma kin yi gaskiya. Sai dai ba mai sayen motar tsere tana bisa jek. Kafin ciwo ya kwantar da shi ya cire mata ƙafafu, ya sayo wasu masu faɗi, ya sa sababbin shok da sifirin, amma bai kai ga ɗaura tayoyin ba. Makon jiya bakanikensa ya zo ya mayar da tsofaffin tayoyin, aka ja ta zuwa gareji. Har yanzu dai Inna takan leƙa ta taga ta dubi tabon baƙin mai da aka bari a siminti.

Na ɗauka aikin ɗaure noti ne kawai. Da aka sa tayoyin sai suka leƙo waje, in an murɗa sitiyari har ƙarshe na gaba suna gugar bodi. Bakanike ya gasa bakin ƙarfen bodin da ke saman tayoyin kaɗan don kada fenti ya tsage, ya lanƙwasa shi ciki a hankali. Yana yi yana tsokanata, wai Auta ya ba shi labarin tuƙina, cewa ina tafiya kamar na ɗauko ƙwai a bayan mota, shi ya sa yake kirana Malam Sannu. Yaran gareji suka yi dariya, ni ma na yi. Ban san Auta yana maganata a wurin ba.

Daga nan aka zo gyaran tsayi. A jikin kowane shok akwai zobe da ake murzawa, ya ɗaga motar ko ya sauke ta. Bakanike ya ce irin wannan mota ba a daidaita ta ba kowa a ciki, domin ba ta da nauyi, in direba ya shiga sai ta karkata gefensa. Dole a yi awon da nauyin mai tuƙi a kujera. Ya tambaye ni nauyin Auta. Ban san wanne zan faɗa ba, ko Autan da yake cika ƙofa in ya tsaya, ko wanda nake ɗauka ni kaɗai daga gado zuwa kujera. Sai ya ce a bar wannan, in sayarwa za a yi akwai buhunan yashi da suke azawa, su yi daidai da kowane mutum. Ya ajiye sufana ya dube ni.

"To, wa zai tuƙa ta?"

Ban yi shawara da kowa ba, ban ma tabbata na yi da kaina ba. Na buɗe ƙofa na zauna. Ƙafata ba ta kai birki ba, kujerar tana can baya inda ya bar ta. Bakanike ya ce sai na zauna yadda zan yi tuƙi, in ba haka ba awon zai yi ƙarya. Na daɗe hannuna yana kan ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera. Sannan na ja, ta matso gaba. Na zaci zan ji wani abu, amma ƙarar ƙarfe kawai na ji. Ya bi kusurwa huɗu na motar da tef ɗin awo, ya murza nan ya sassauta can, ni kuma ina zaune ina kallon bango. Da ya gama ya ce yanzu ta zauna daidai da nauyina, in mai saye ya zo sai an sake. Na ce a bar ta haka.

Na san kayan gado ce, ba tawa ba, kuma ba ni da abin yi da mota mai kujera biyu. Wataƙila kuskure na yi, kin san ni. Zan yi magana da matarsa, a bi hanyar da ta dace. In har kin ga sayarwar ce daidai, ki faɗa mini kai tsaye, zan koma a aza buhunan. Amma ina roƙonki ki ɗan dakata kafin ki faɗa.

Inna tana gaishe ki, haka uwar yara da matar Auta. Ki gaida maigida da babbar 'yarmu da ƙannenta. Allah Ya jiƙan Auta, Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki.

Gobe, in Allah Ya kai mu:
Awon daidaita tayoyin gaba.
Sake ɗaure notina bayan an ɗan zagaya da ita.
Gaya wa Inna motar za ta dawo.
Tambayar bakanike ina giyar baya take.