Saƙon Bello a Wayar Garba

Sabon Gari,
Gusau.

Zuwa ga ƙanena Usman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, amin. Yaya Fatakwal, yaya kasuwar albasa, yaya ruwan saman nan naku da ba ya gajiya? Mu nan sai godiya. Malam maigidana ya samu sauƙin ƙafar tasa, har yana leƙa gonar Karakkai in an ce hanya ta yi kyau, ya dawo yana yabon geronsa kamar shi ya yi noman. Inna tana Bungudu lafiya lau, sai mitar da take yi cewa ka manta da ita. Na gaya mata hidima ce ta yi maka yawa, ta ce ai ba da ƙafa ake buga waya ba.

Abin da ya sa na ɗauko biro ban kira ka ba, ka san shi. A waya ka fi ni baki, tun kana yaro ba ka barin mutum ya kai aya, amma takarda dole ka karanta ta har ƙarshe kafin ka yi mata gardama. Maganar Mansura ce. Ka ce in sa ta a mota ƙarshen watan nan ta taho wurinka, ta bar aikin da take yi, domin an gaya maka wai ta kashe wa mutane shanu da kwamfuta, kuma sunan gidanmu yana yawo a bakin mutanen Tsafe. Ɗiyarka ce, ban musa ba. Amma ni ka miƙa wa ita tun tana tatata, a hannuna ta girma har ta gama jami'a, saboda haka ina da haƙƙin a saurare ni. Wanda ya kai maka labarin ya ƙara gishiri, ya kuma yar da rabi a hanya. Ga yadda abin ya faru.

Ƙungiyar da take yi wa aiki ta likitocin dabbobi ce, su 'yan ƙalilan, kuma yadda daji ya zama yanzu ba mai iya bin rugage yana duba shanu kamar da. Sai suka tsara cewa duk makiyayin da ya ga ciwo a garkensa ya sa a aiko musu da saƙon imel, da hoton dabbar in ya samu. Sun zaɓi imel ne domin ko babu sabis saƙon yana kwanciya a cikin waya, da an samu sabis ya tafi da kansa. Saƙonni suka yi ta shigowa har suka fi ƙarfin mai karantawa, shi ne aka ɗauki Mansura ta rubuta manhajar da za ta riƙa karanta su tana tsarawa. Da wani harshen kwamfuta take rubutawa wai shi Python. Ta ce da Turanci sunan mesa ne, na ce to Allah ya sa kada ta haɗiye mana ke.

Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'yan firamare rubutun wasiƙa, na zaci na san saƙo ciki da bai. Sai ta zaunar da ni ta nuna mini imel tsirararsa, yadda yake isowa kafin waya ta yi masa kwalliya. Wallahi Usman, dogon rubutu ne a cakuɗe, in ka gan shi sai kanka ya sara. A sama akwai layukan da take kira kan saƙo: adireshin da ya fito, wanda aka aika wa, rana da lokaci, take, da wata doguwar lamba da babu saƙo biyu masu irinta. Sai layi guda fayau babu komai, shi ne iyaka, daga nan jiki ya fara. Jikin ma kashi-kashi ne, ga rubutun kansa, ga kwafinsa mai ado, ga hoton saniya an mai da shi tarin haruffa marasa kan gado. Manhajar tata sai ta yi wa abin nan fiɗa irin ta ragon layya, kai gefe, ƙafafu gefe, kayan ciki a nasu kwano. Ta mai da tarin haruffan nan hoto, ta miƙar da haruffanmu masu lanƙwasa da kan fito a hargitse. Daga nan kowane saƙo ya zama abu guda mai aljihuna, kowane aljihu da sunansa. Likita yana son sanin ciwo, ya sa hannu a aljihun ciwo, yana son wuri, ga aljihun wuri, ba sai ya bi doguwar gaisuwa ba.

Da ta gama, suka gwada a ofis da wayoyinsu, abu ya tafi sumul. To ka san ma'aikata, kowa da wayarsa, kowa da adireshinsa. A kan haka ta gina abin: adireshi ɗaya, mutum ɗaya, garke ɗaya. In sabon saƙo ya zo daga adireshin da aka sani, manhajar ta ɗauka labarin garken nan ne ya canza, sai ta ɗora sabon a kan tsohon. In sabon ya ce shanu sun warke, ta rufe maganar, ta cire ta daga shafin da likita yake dubawa da safe don ya san inda zai nufa. Kowa ya yaba, har shugaban ofishin ya ce ta rage musu rabin wahala. Cikinsu duka, da likitoci da shugaba da ita kanta, babu wanda ya tsaya ya tambayi da wayar wa makiyayi yake aiko saƙo.

A kasuwar Tsafe akwai wani Garba mai rumfar cajin waya, yana haɗawa da sayar da gishirin shanu da kanwa. Makiyaya sun saba da shi. Ranar kasuwa sai su tsuguna a rumfarsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi damuwarsa, Garba ya rubuta da wayarsa ya tura, su yi masa godiya su tashi. A wurinmu aron waya ba abin tambaya ba ne, kamar aron turmi yake. Wata ranar kasuwa da hantsi wani Bafulatani, Malam Bello, ya sa aka rubuta cewa shanunsa suna tari da numfashi sama-sama, yana tsoron ciwon huhu ne, a taimaka a zo. Bayan azahar wani daban, Tukur, wanda aka yi wa nasa allura tun tuni, ya zo rumfar ya ce a aika wa likitoci godiya, shanu sun warke sarai, sun koma kiwo. Manhajar ta duba kan saƙo, ta ga adireshi ɗaya, ta ce alhamdu lillahi garken nan ya samu lafiya, ta rufe maganar Bello. Likita bai taɓa ganinta ba.

Bello yana can yana duban hanya. Kafin kasuwa ta zagayo ya rasa shanu huɗu, har da wata saniya mai ciki da matarsa Kulu ta zo da ita daga gidansu. Da ya dawo rumfar Garba yana tambayar dalili, Garba ya rantse ya tura, ya nuna masa a waya, ya kuma kira ofis da faɗa. Mansura ce ta bi sawu ta gano inda saƙon ya shiga, kuma ita da bakinta ta je ta faɗa wa shugaba, ba wanda ya kama ta. Aka tura likita ranar, aka dakatar da manhajar. Ta dawo gida, na ajiye mata tuwo ya huce a inda yake. Ba zan ɓoye maka ba, hankalina ya tashi ƙwarai, don ban taɓa ganin yarinyar nan jikinta ya mutu haka ba. Da ta buɗe baki, abin da ta ce shi ne tana son ta je ta yi wa mutumin jaje.

Na ce ba za ta tafi ita kaɗai ba. Ranar kasuwa muka shiga mota da sassafe ni da ita, muka iske Bello a rumfar Garba, dattijo ne siriri mai sanyin magana. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaya masa ita ce ta haɗa na'urar da ta ɓatar da saƙonsa, kuma ba laifin Garba ba ne. Ya ce bai san kwamfuta ba, amma ya san kwanan dabba in ya ƙare ya ƙare, sai dai ta Kulu ce take ci masa rai, domin har yau bai iya haɗa ido da ita ba. Bai ce ya yafe ba, bai kuma zage ta ba. Tambaya ɗaya ya yi mata, ko in ya sake aikowa maganarsa za ta isa. Ta ce za ta isa da yardar Allah. Ni kuwa na kau da kai, don hawaye sun zo mini a tsakiyar kasuwa kamar wata yarinya.

Ba mu juyo ba sai la'asar. Ta zauna a kan benci a gefen Garba tana sauraron yadda mutanen suke ba da saƙo. Nan ta lura kowa da gaisuwa yake farawa, ya faɗi ciwon a tsakiya, sai a can ƙarshe ya ce shi ne wane, na rugar Arɗo wane, mai shayarwa a wuri kaza. Ashe sunan mai magana yana gindin saƙo, ita kuwa a kai take nemansa. Da muka dawo ta sake ɗinka aljihunan. Yanzu akwai na mai waya daban, na mai shanu daban, ga na Arɗonsa, ga na mashaya, domin Bello ba ɗaya ba ne a dajin nan. Sabon saƙo ba ya hawa kan tsoho, kowanne yana zaune da doguwar lambarsa. Kuma in manhajar ba ta gane mai magana ba, an hana ta yin shaci-faɗi, sai ta ware saƙon gefe da jan launi har mutum ya karanta da idonsa. Rufe magana ma an karɓe daga hannunta, sai likita ya rufe da kansa. Ta kwashe tsofaffin saƙonnin wayar Garba ta zuba mata, suka fito makiyayi-makiyayi, har aka tsinci wasu biyu da su ma aka danne, Allah ya sa nasu ciwon bai yi nisa ba.

Shugaban ya yarda an mai da manhajar bakin aiki, da sharaɗin Mansura ce za ta riƙa kula da ita, tana leƙa kasuwanni tana ganin masu tura saƙon, don babu wani a ofishin da ya san cikinta. Na san abin da za ka ce, hanyar Tsafe. Ba zan yi maka ƙarya in ce lafiya lau take ba, ni ma duk ranar da ta fita carbi ba ya barin hannuna sai ta dawo. Da rana suke tafiya, a motar ofis, in an ji ƙishin-ƙishin a fasa. Maganar sunan gidanmu kuwa, na shiga kasuwar da ƙafata, ban ji ana zaginsa ba. Na dai ji wata mai nono tana nuna ta tana cewa ga yarinyar da ta zo da kanta.

Ita Mansura ba ta san ina rubuta maka ba. Da na isar mata da umarninka ta ce ba za ta yi jayayya da mahaifinta ba, har ta sauko da akwati ta fara ninke kaya. Taurin kan nan naka bai biyo ta ba, ni ya biyo, shi ya sa na ce kada ta sayi tikiti sai na ji daga bakinka karo na biyu. In fushi za ka yi, yi da ni, na girme ka, na kuma saba.

Shekaranjiya saƙo ya shigo daga wayar Garba, manhajar ta fiɗe shi daidai, aljihun mai shanu ya nuna Bello. Ya ce sauran garken sun tashi, suna cin ciyawa. Ya ce maƙwabtansa biyu da suka daina aiko saƙo tun abin nan sun ce za su dawo, in dai yarinyar ce take riƙe da na'urar, don ita sun ga fuskarta. Sai ya tambaya ko tana nan. Na ga ta buɗe wurin ba da amsa, ta ɗora yatsu, ta daɗe a haka, sannan ta rufe kwamfutar ta tashi ta shiga ɗaki. Ba za ta ce masa tana nan ba alhali akwatinta yana bakin ƙofa, kuma ba ta iya ce masa tafiya za ta yi ba. Saƙon yana nan ba a amsa ba.

Ka gaishe mini da Balkisu da kyau, ka ce na ga turaren, Allah ya saka da alheri. Ka shafa mini kan Kabiru da Salma, a dage da karatu. Malam yana gaishe ka, Inna ma haka duk da mitarta. Allah ya tsare, ya yi wa kasuwa albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Direban da ya kawo maka takardar nan zai juyo, ka ba shi amsa a rubuce, ka faɗa mini abin da za a gaya wa Bello.

Wassalam.

Yayarka,
Nana Aisha.