Hannun Baba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Baba? Yaya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya saboda ɗaga marasa lafiya. Kada Inna ta ji.

Yaya, a gidan jinyar da nake aiki akwai wani tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, hannunsa a dunƙule kamar na Baba. Ranar farko na kama yatsunsa na fizga, yadda na saba a gida. Likitar motsa jiki ta riƙe ni, ta ce, "A hankali. Da kin fizga, naman ƙara ɗaurewa yake. Ba shi yake yi ba, ciwon ne."

Na shiga banɗaki na yi kuka. Shekara biyu ina ce wa Baba, "Ka daina taurin kai, ka saki mana." Bai taɓa tanka mini ba.

Don Allah ki ɗauke ƙwallon robar da na ba shi yana matsawa. Ki sa hannun a ruwan ɗumi, ki buɗe yatsun sannu a hankali, ki riƙe su haka, kada ki ja.

Yau tsohon nan, uban wasu, ya buɗe tafinsa a hannuna. Ki roƙar mini Baba gafara, ni na kasa a waya.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki.